Abu Maryam, wanda ya kai Babana bakin teku

Abu Maryam ya rasu.

Da safen nan ina shirin fita wurin aiki ƙaninsa ya kira ni. Na ɗauka maganar tafiyar hutun makaranta ce. Sai na ji yana ta maimaita sunana, kafin ya faɗa min. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wai Abu Maryam ya dawo daga sallar asuba, ya ce wa iyalinsa ƙirjinsa ya yi masa nauyi, a dafa masa shayi. Ruwan bai ma tafasa ba ya faɗi. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Ku yi haƙuri in rubutun ya zo a hargitse.

Ga waɗanda ba su san shi da wannan sunan ba, Usman nake nufi, Usman mai bas. Tare muka tashi a Nakkasa, unguwarmu a nan Makka, gidansu na saman namu a kan dutse, in uwarsa ta ƙwala masa kira har ni nake amsawa. Lokacin umara da hajji jigilar alhazai yake yi. In baƙi suka ragu, sai ya kwashe mu, mutanen unguwa, ya kai mu bakin teku.

Da aka rushe Nakkasa watsewa muka yi. Wasu Rusaifa, wasu Zahir, wasu can bayan gari. Maƙwabcin da kuke gaisawa kullum ya zama sai a ɗaurin aure ko a jana'iza. Usman ne ya ce wannan ba za ta yiwu ba. Ya buɗe mana guruf a waya, ya riƙa bin mutane ɗaya bayan ɗaya har ya tattaro mu. Duk hutu sai ya sa ranar rihla, wato fita yawon shaƙatawa, wani lokaci bakin tekun Shu'aiba, wani lokaci can arewacin Jidda.

Duk wanda ya taɓa bin sa ya san abin da nake nufi. Bas ɗaya ce, amma kowa da abin da ya kai shi, kuma Usman ya san na kowa.

Dattawa ba ruwansu da ruwa. Inuwa suke so, da shayi mai na'ana'a, da wanda za su yi gardama da shi a kan domino. Kafin su sauko ya riga ya kafa musu rumfa inda iska ke kaɗawa.

Iyayenmu mata kuwa, sai ya nemi gidan hutu mai katanga har cikin ruwa, don su sake. Tsofaffin su zauna a gefe su tsoma ƙafa, suna cewa ruwan gishiri na maganin ciwon gwiwa. Matata ta ce ba ta taɓa ganin surukarta tana dariya har da hawaye ba sai a can.

Samari babur ɗin ruwa ne gabansu. Ba ya hana su, amma ba wanda zai hau sai ya ɗaura rigar ruwa, Usman ya ja igiyar da hannunsa ya tabbatar. Wani ɗan ƙanwata ya taɓa yi masa taurin kai da Larabci, wai shi ya iya iyo. Usman bai yi faɗa ba. Ya ce masa to, je ka faɗa wa uwarka da bakinka, in ta yarda ni ma na yarda. Yaron ya sa rigar.

Masu fatsa ya haɗa su da mai kwalekwale. Yara ya zuba musu bokitai a yashi, ya sa musu ido. In akwai ango da amarya, sai ya shimfiɗa musu tabarma nesa kaɗan, ya gargaɗi kowa kada a aika musu yaro da saƙo. Baƙi daga Najeriya ko Nijar da suka gama umara, waɗanda ba su taɓa ganin teku ba, shi yake tsayawa kusa da su a karon farko, don ya san wasu jiri ke ɗibar su.

Shi kansa kuma bai iya iyo ba. Ban taɓa ganin ruwa ya wuce masa gwiwa ba. In muka tsokane shi sai ya ce wani dole ya tsaya ya kula da takalma.

Amma ba wannan ne ya sa nake kuka ba. Maganar Babana ce.

Baba yana ƙaramin yaro suka taso daga gida da iyayensa, ta Chadi, ta Sudan, a ƙasa. Daga Sawakin suka shiga jirgin ruwa na katako. A tsakiyar teku zazzaɓi ya kama mahaifiyarsa, ta cika. Aka yi mata sutura da zanenta, aka yi mata salla, aka saka ta a ruwa yana kallo.

Tun daga ranar Baba bai sake kallon teku ba. Ga Jidda nan kusa, amma ko hidima ta kai shi, ba ya bin titin bakin ruwa. Mu 'ya'yansa mun san ba a yi masa maganar.

Usman ma ya sani. Duk da haka, duk rihlar da za a yi sai ya zo gida da kansa, ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce masa akwai kujera a gaba in yana sha'awa. Baba ya ce a sauka lafiya. Usman ya ce amin, ya tashi. Bai taɓa ƙara kalma a kai ba. Shekaru ana haka.

Bayan mun koma Rusaifa Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ya daina fita, ya daina hira, abinci ma sai da lallashi. Gidan haya ne a bene, ba maƙwabcin da ya sani. Wallahi mun fara jin tsoron zai tafi a haka, a cikin ɗaki, fuska ga bango.

Rannan Usman ya zo kamar yadda ya saba, ya faɗi maganar kujera. Sai Baba ya tambaya ko su Malam Isa za su, tsohon maƙwabcinsa ke nan, abokin hirarsa na Nakkasa. Usman ya ce za su. Baba ya ce to a zo a ɗauke shi.

A bayansa Usman ya goyo shi daga bene har cikin bas.

Da muka isa, ni na rasa yadda zan yi. Ina tura Baba a keken marasa lafiya. Usman ya karɓe shi daga hannuna, ya kai shi rumfar dattawa, ya juya keken ya ba teku baya. Bai bar kowa ya yi masa maganar teku ba. Baba ya yini yana fuskantar abokansa da motocin da aka ajiye. Ya sha shayi, ya ci kifi da shinkafa, har ya gyara wa Malam Isa wasan domino.

Bayan la'asar, rana ta yi sanyi, sai na ji Baba ya ce, "Usman, juya ni."

Ya juya shi a hankali, ya tura shi har inda yashi ya jiƙe. Sannan ya ja hannuna muka koma baya. Ya ce min, "Bar shi. Gaisuwa ya zo yi."

Muna daga nesa muna kallo. Baba ya ɗaga hannun da ke motsi, yana addu'a, kafaɗunsa na rawa. Ya daɗe. Da muka je ɗaukar sa don magariba, sai ya gaya mana sunan mahaifiyarsa na yarinta, wanda ake kiran ta da shi a gida. Ni jikanta ban taɓa jin sa ba sai ranar.

Daga nan Baba bai sake fashin rihla ba. Cin abincinsa ya dawo, hirarsa ta dawo. Likita yana da nasa bayanin, ni ma ina da nawa.

Ganina na ƙarshe da Usman a Shu'aiba ne, watan jiya. An gama, ana loda kaya, shi kuma yana zaune a matakalar bas yana kaɗe yashi daga ƙafarsa. Na ce masa ya Abu Maryam, girma ya fara zuwa, ka bar wa samarin nan wahalar, kai ma ka zo ka zauna a inuwa kamar kowa.

Ya yi dariya ya ce, "Haruna, in na bar musu, wa zai tuna Inna Zainabu ba ta cin kifi?"

Sai ya kalli mutane suna ta sallama da juna, mata na rungume-rungume kamar ba za su rabu ba. Ya ce, "Ka ga wannan? In ba nan ba, ina za su ga juna?"

Ya sauke mu a ƙofar gida, ya taya ni hawa da Baba, ya ƙi tsayawa shan ruwa saboda akwai sauran mutane a mota. Ban san sallama ce ba.

Ɗazu na shiga ɗakin Baba na gaya masa. Na yi ta kewaye-kewaye, shi ya katse ni ya ce in faɗa kawai. Da ya ji, ya rufe ido. Sannan ya ce, "Shi na sa rai zai sa ni a kabari." Ya ce a ɗauko masa farar rigarsa, a shirya keke, ba za a yi wa Usman salla babu shi ba.

Za a yi jana'izar a Harami bayan sallar la'asar, in Allah ya yarda. Wanda yake Makka ya daure ya zo. Ya bar mata da 'ya'ya, babbar ita ce Maryam, da tsohuwar mahaifiyarsa.

Ya Allah, ga bawanka Usman ya zo gare ka. Ya ɗauki tsofaffinmu a bayansa, ya tsare mana 'ya'ya, ya haɗa zumuncin da ya tsinke. Ka yafe masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanya shi a inuwarka ranar da babu wata inuwa. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka zame wa marayunsa gata.

Duk wanda ya karanta wannan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, don Allah kada ka wuce. Ka ambaci sunansa, Usman, ka roƙa masa gafara.

Ni zan je in shirya Baba.