Bangon da Baba Kailu Bai Ƙwanƙwasa Ba

Idan ka ga wani tsoho a Filinge yana bin bangon mutane yana ƙwanƙwasawa, kunnensa manne da gini, kada ka yi masa dariya a gabana. Baba Kailu ne, maƙwabcinmu, kuma rabin ɗakunan unguwarmu shi ya gina su.

Shekara arba'in ya yi yana buga tubali. Da an gama yankan hatsi zai sauka bakin tabki, ya kwaɓa laka da ƙaiƙayi, ya bar ta ta tsumu kwana uku kafin ya buga ya shanya. Ga shi da baki a kan sana'arsa. A wurinsa bukkar kara abincin gara ce da gobara. Bulon siminti da rufin kwano kuwa, ya yarda suna da ƙarfi, amma ya ce da bazara mai ɗakin a tsakar gida yake wuni, kayansa ne ke more ɗakin. Na tubali shi ne mai sanyi lokacin zafi, mai ɗumi lokacin sanyi, har ruwan randa ya fi daɗi a cikinsa. Sharaɗinsa guda ne: kowace shekara kafin ruwan fari a bi bango a ƙwanƙwasa, a ji inda ya yi kogo, a sake yaɓe, a duba indararo.

Matarsa, Inna Habsatu, ta gaji da wannan yaɓe. Ban ga laifinta ba. Shekara talatin tana share ƙasar da ke zubo mata a kan kwanuka, ga ɗakunan ƙawayenta suna sheƙi. Sai ɗansu Tahiru, direba a Yamai, ya aiko da siminti. Bai isa sabon ɗaki ba, amma ya isa a shafe nata ciki da waje.

Baba Kailu ya ƙi har mako biyu. Ya ce siminti ba ya kama laka, in ruwa ya shiga tsakaninsu ba ya fita, kuma ba mai gani. Ranar da ya sauko ina gidan.

"Maigida," in ji ta, "kowa cikin garin ga ka yi mai abin da yake so. Ni kaɗai ta ba a ji ma magana?"

Washegari ya kwaɓa siminti.

Ɗakin ya yi kyau, wallahi. Aka shafa masa shuɗin fenti, Inna Habsatu ta jera kwallayenta, ta yi ta kiran mata su zo su gani. Shekarar farko da ya zo ƙwanƙwasawa ta kore shi da wasa, wai kada ya ɓata mata fenti. Ta biyu ya taɓa sama-sama. Ta uku ruwa ya sauka da wuri, kowa ya ruga shuka, shi ma ya bi ɗakunan mutane ya bar nata. Ai bango ne sumul, ko tsaga babu.

A watan takwas aka yi ruwa kwana biyu ba ƙaƙƙautawa. Bayan azahar Inna Habsatu ta shiga ɗaki tankaɗe, tunda tsakar gida ta jiƙe. Ƙarar faɗuwar bangon ma ba ta yi yawa ba, kamar an sauke buhu daga mota. Da muka isa, simintin ya zube falle-falle da shuɗinsa, abin da ke bayansa kuwa ya zama kunu. Gindin indararo ne ya tsage, ruwa ya yi ta bi ta bayan simintin. Da hannu muka tono ta. Kafin magariba an kai ta makwancinta.

A zaman makoki kowa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne. Tahiru ya iso yana kuka, yana cewa simintinsa ne ya kashe uwarsa. Uban ya riƙe shi.

"Ba kai na ba, yaro. Kai alheri ka yi. Ni na san aikin, ni na bar saurare."

Tun daga nan bai sake buga tubali ko ɗaya ba. Da bazara ta yi nisa sai ya ɗauki sandarsa ya shiga unguwanni, ba wanda ya kira shi. Wasu su gode, wasu su ce tsohon ya taɓu. Masu faɗin haka su nake jin haushi, don yawancinsu a ɗakin da ya gina aka haife su.

Bana ya shigo gidana. Sai na ji kunya, don ni ma na shafa wa ɗakina siminti. Ya bi bangon a hankali, har ya kai kusa da taga, inda gadon yarana yake. Nan ƙarar ta sauya, ta koma kamar ta ƙwaryar da ba komai ciki. Ya sake bugawa.

"Ɗiyata, hidda gadon ga yau. Kak ki bari sai gobe."

Na fitar da gadon. Da na dawo yana nan tsaye, tafinsa a kan bangon, hawaye na bin gemunsa.

"Haka nata zai yi ƙara," in ji shi, "da na taɓa."