Kawu Tanko da Hanyar Ruwa

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ta bayan Gonin Gora a farkon shekarun 1980 ya san cewa idan hadari ya haɗo kowa gida yake nufa, ban da Kawu Tanko. Shi a lokacin yake fitowa. Sai ya tuɓe takalmansa ya rataya a wuya, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya riƙe lemarsa a rufe, ya bi ruwa duk inda ya gangara kamar mai rakiyar baƙo. Ban taɓa ganin lemar nan a buɗe ba. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce ruwa yana lalata lema, shi kuwa fatarsa ba ta tsatsa.

Kawu yayan mahaifiyata ne, kuma tsohon leburan reluwe, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran layin dogo a wuraren da ruwa ya zaizaye. Ni kuwa da na gama jami'a na dawo gida ina jiran aiki, sai ƙungiyar ci gaban unguwa ta ɗora mini rubuta bayanan taro. Saboda haka abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani na ji daga bakin waɗanda suka gani. Inda maganganu suka saɓa, zan nuna.

An kafa ƙungiyar ne lokacin da ma'aikatan masana'antu na Kakuri da Kudenda suka fara sayen gonakinmu suna gini. Kowa yana aza tubali inda ya ga dama, har aka wayi gari ƙofar wani ta buɗe cikin makewayin wani. Sai dattawa, Musulmi da Kirista, suka yi shawara cewa ba mai haƙa harsashi sai ƙungiya ta duba wurin. Aka naɗa Baba Yohanna katikis, malamin coci, shugaba. Kawu ya ƙi karɓar kowane muƙami, domin masu muƙami dole su zauna har ƙarshen taro. Amma shi ya kawo dokar da ta fi kowace ba mutane haushi: ba a yanka fuloti da rani, sai an ga inda ruwan damina yake bi.

Wanda ya fara cin karo da dokar shi ne Alhaji Sabo, mai sayar da kwanon rufi a Makera. Ya iso ana tsakiyar zafin bazara, da bulo cike da mota, Kawu ya ce masa ya jira damina.

"Baba, ni fa gida zan gina, ba gonar shinkafa ba," in ji Alhaji.

Kawu ya ce, "Ai shi ya sa nake so ka jira, Alhaji, don kada ka sami duka biyun a ɗaki ɗaya."

Alhaji ya jira yana ƙunƙuni, daga baya ya matsar da gininsa sama kaɗan. Har yau idan ya ga Kawu a hoto yakan ce, ga mutumin da ya hana shi noma a falo.

Babban al'amarin shi ne na makaranta. A lokacin yaranmu sai sun tsallaka babbar hanya kafin su kai firamare, kuma kowace uwa da zullumi take wuni. Da hukuma ta turo safiyo ya tsara unguwar a taswira, ƙungiya ta dage sai an ware wa makaranta wuri, aka amince. Safiyon saurayi ne mai ladabi. Ya zaɓi wani shimfiɗaɗɗen fili a gindin tudu, ya kafa turakun siminti. Kowa ya yaba. Dole in faɗi gaskiya, ni na fi kowa yabo, har na miƙe a taro na yi wa dattawa bayanin layukan taswira. Kawu ya karɓe ta ya riƙe a juye. Na gyara masa. Ya dube ni ya ce ko ta ina aka juya ta, shi bai ga inda aka zana ruwa ba.

Takardar amincewa da filin tana bukatar hannun dattawan ƙungiya gaba ɗaya, Kawu kuwa ya ƙi dangwala yatsa. Aka yi watanni ana abu ɗaya. Safiyo ya yi gargaɗi cewa idan aka ci gaba da jinkiri, za a iya kai makarantar wata unguwa. Hankalin iyaye ya tashi ƙwarai. Baba Yohanna ya je roƙo sau biyu, ya dawo da cikinsa cike da dafaffiyar gyaɗa da labarin reluwe. Mahaifiyata ta yi fushi ta daina aika masa tuwo, sai ya riƙa zuwa gidanmu yana ci, yana yi mata godiya cewa ta hutar da kwanukanta.

Cikin watan Agusta safiyo ya dawo, ya ce wannan ne zuwansa na ƙarshe. Muka raka shi wurin Kawu, ya karɓe mu da fara'a, ya ce zai dangwala, amma ba a sallamar baƙo bai ci masara ba. Ya hura gawayi ya shiga gasa ta ɗaya bayan ɗaya, yana juyawa a hankali, yana satar kallon gabas. Muna kan ta huɗu ruwa ya kece.

Sai ya saɓa buhun ƙaiƙayi, ya ce mu biyo shi. Ya hau kan tudu ya zazzage shi cikin ruwan da ke gangarowa. Muka bi ƙaiƙayin nan yana tafiya tsakanin gonaki, ni da safiyo da Baba Yohanna da rabin unguwa, har ya je ya taru yana kewaya wani turke. Safiyo ya sunkuya ya duba lambar da shi da kansa ya rubuta. Wurin aji ɗaya ne.

A nan shaidu suka saɓa. Kawu ya ce ruwan ya kai gwiwa, safiyo ya ce ƙwauri. Na yi dogon tunani a kan wannan, na kuma ga cewa dukansu gaskiya suka faɗa, domin Kawu gajere ne.

Safiyo ya fashe da dariya, ya tuɓe nasa takalman. Ya ce wa Kawu, "To Baba, ina za mu kai makarantar?"

Kawu ya nuna wani tsandauri can sama, inda awakin unguwa suka taru suna jiran ruwa ya ɗauke. Ya ce akuya ba ta yarda ƙafarta ta jiƙe, don haka wurin da ta zaɓa an riga an auna shi.

Aka sake zana taswira. Makaranta ta koma tsandauri, filin ƙasa kuma aka rubuta shi a matsayin wurin da ba a gini, aka bar wa mata suna noman shinkafa. Bayan wannan, ko ofishin safiyo ya turo takarda, sai ta jira damina.

Ranar da aka buɗe makarantar an ajiye wa Kawu kujera a gaba, aka neme shi aka rasa. Can na same shi zaune a ƙasa, ya jingina da bangon aji ɗaya, daidai ƙarƙashin taga, yara suna ta maimaita baƙaƙe a ciki. Na ce masa ana jiransa. Ya ɗaga mini hannu in yi shiru.

"Ban gane ko ɗaya ba," in ji shi, "amma bar ni in ji."

Kawu ya rasu bara bayan girbi. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya saka masa da alheri gwargwadon kowane yaro da yake komawa gida lafiya daga makarantar nan. Amin.