Ranar da 'yan ajina suka zama taurari

Ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Madarunfa lokacin da autanmu, mai karatun ilimin taurari a ƙasar waje, ya zo gida hutu. Kaka ce, tsakar gida cike da gyaɗa. Muna ɓara da la'asar na ce masa, "Wai kai me kake karantawa ne da ba ya ƙarewa?"

Ya ɗauko ordinatarsa, wato kwamfuta, ya buɗe. Sai ga ɗige-ɗige masu haske suna ta yawo.

"Yaya, waɗannan jariran taurari ne," in ji shi. "Cikin gajimaren iska da ƙura ake haihuwarsu, kuma da yawansu bibbiyu suke fitowa, ko uku-uku, suna kewaya juna. Inda akwai fili, sai su zauna tare. Inda aka cunkushe kuwa, wani tauraro na giftawa sai ya fizge ɗaya."

"Duka ake rabawa?"

"A'a. Masu nisa da juna su ne suka fi rabuwa. Na kurkusa da wuya a raba su."

Wallahi gyaɗar nan ban ƙara taɓa ta ba. Na sa ya maimaita mini har batirin ya mutu. Innarmu tana ta dariya, wai an samu mahaukata biyu a gida ɗaya.

Washegari na ja shi lakwal. Muka fitar da yara fili, bibbiyu, wasu sun saƙala hannu, wasu na riƙe da bakin dogon karan gero. Na ce su yi ta juyawa. A filin ƙwallo babu wanda ya rabu da ɗan'uwansa. Sai muka tura su lungun da ke tsakanin aji biyu. Kai! Kara ya dinga karyewa, ana ihu, ana karo, wata yarinya ta tsinci kanta riƙe da karan wata daban.

"Hakan ma na faruwa!" ƙanena ya yi tsalle yana nuna su. "Taurari ma suna musayar abokin tafiya!"

Hayaniya ta fito da daraktan lakwal daga biro, wato ofishinsa, fuska a ɗaure. Na yi masa bayani ina haki. Ya tsaya ya kalli yaran, sannan ya ce a kira ɗaya ajin su ma su gwada.

Ranar nan har aka buga ƙararrawar tashi yara na roƙon a sake, ni kuwa muryata ta dishe.