Sunan da Ba Ya Shiga Gidanmu

Ƙanshin man kaɗanya ne ya tsayar da ni a titin Fordham Road, nan ƙasar waje da nake zaune, gaban teburin wata 'yar Nijar. Duk inda na ji shi, gadon bayan mahaifina nake gani.

Ina ƙarami, zamanin mulkin soja, an yi wani gwamna a jiharmu. Ba zan rubuta maka sunansa ba. Kakata ta hana, kuma har yau ban saɓa mata ba. Sojojinsa suna yawo da wata bulala ta wayar lantarki da aka tufka, mutane suka laƙaba mata sunan gwamnan. Da ita suka zane mahaifina ran kasuwa, a tsakiyar bazara, don bai sauka daga kekensa ba da motarsu ta zo wucewa. A amalanke aka kawo shi gida. Kakata ta yi ta shafa masa man kaɗanya, tana korar ƙudaje da mafici, har damina ta faɗi. Daga nan bai ƙara tuɓe riga a gaban mutum ba, ko a gona.

Gwamnan ya mutu a kan gadonsa, sunan kuwa sai yaɗo yake yi. Aka sa wa bindigar 'yan banga, aka rubuta a motocin haya, har gidan burodi. Ran da ƙanena ya shigo da burodin, kakata ta sa aka karanta mata ledar. "Fitar da shi," ta ce. "Ko akuya kar ta ci."

Bana 'yata, haifaffiyar nan, ta samu aikin hutu a wani gidan abinci a unguwar Bronx. Ta shigo mini da rigar aiki, sunan nan ɓaro-ɓaro a ƙirjinta. Na je wajen mai wurin, ɗan jiharmu, sa'ana, wanda ya san komai.

"Malam, suna ne mai kwarjini," ya ce. "Yana jawo kwastoma."

Da ƙyar na fito ban zage shi ba.

'Yata ta ce mini da Turanci ai suna ne kawai. Na zaunar da ita, na kwatanta mata bayan kakanta. Ba ta bar aikin ba, amma yanzu tun a bakin ƙofa take cusa rigar a jaka.

Raina bai daina ɓaci ba. Mahaifina ya mutu yana ɓoye tabon a ƙarƙashin riga, ga jikarsa an rataya mata sunan a sama, ana biyanta.