Ranar da Na Hau Tudun Zinariya a Bama

Ni manomin albasa ne daga Kwargaba, ƙasar Wurno. Ban nemi aikin soja ba. Nasara ya ce hakimi ya ba da mutane, hakimi ya haɗa da ni. Haka na tsinci kaina a ƙasar Bama, can ƙetaren teku, lokacin yaƙin duniya, ina dakon akwatin harsashi cikin dajin da rana ba ta isa ƙasa.

Da yaƙi ya ƙare sai anka tara mu a wani sansani bakin kogi, muna jiran jirgin komawa gida. Daga inda muke wanki ana hangen wani tudu a ƙetare, bisa kansa gini mai tsini, an shafe shi da zinariya tun daga gindi, wurin bautar mutanen ƙasar. Kowace Lahadi hafsoshinmu Turawa kan tafi kallo, su hau giwa, a ɗauke su hoto. Mu kuwa anka ce kada mu kuskura mu fita.

Na sami sajenmu, wani mutumin Goronyo da ya girme ni. Na ce, "Yaya, mi ya hana mu zuwa?"

"Wurin manya ne."

"Ranar da munka ratsa kogin nan da kaya a ka, ruwa har wuya, ai ba a ce na manya ne ba."

Ya ce, "Kai dai ka kiyayi bakinka."

Lahadi ta zagayo na wanke kakina, na fita ta ƙofa ido na ganin ido. Mai gadi ya tambaye ni ina za ni, na ce kallo. Wata tsohuwa ta ƙetarar da ni a kwalekwale, na ba ta gwangwanin kifi. A gindin tudun na ga giwa tana ɗaga gungume da haure, ta aje shi a hankali kamar mai shimfiɗe jariri. Wasu mutane masu aski ƙwal, sanye da mayafi ruwan goro, sunka nuna mini takalmina. Na tuɓe, na kama matakala.

Daga sama na ga shinkafa koriya shar har iyakar gani, ta fi fadamar Rima nesa ba kusa ba. Ƙananan ƙararrawa na ta kaɗawa da iska. Ina tsaye sai ga kyaftin ɗinmu, shi ma ba takalmi, dutse ya yi zafi yana ta ɗaga ƙafa ɗai-ɗai. Ni da na tashi cikin rairayin Sakkwato ko a jikina.

Da gurguwar Hausarsa ya ce, "Me kana yi nan?"

Na ƙame na sara masa. "Abin da kake yi, ranka ya daɗe."

Kwana bakwai na yi a gadurum, kuma ban ba kowa haƙuri ba.

Bayan na dawo gida, baffana, malami a Wurno, ya ji labari ya aika kirana. "Ɗana, an ce ka shiga ɗakin gumaka."

"Baffa, na shiga. Ban sunkuya ma kowa ba. Da na sauko na yi alwala a kogi na ba da azahar."

Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce in bar zancen a cikina, kada mutane su ji.

Ran kasuwa na zauna a rumfar masu albasa na ba da labarin tun daga farko.