Binnen Da Na Yi Da Irin Inna

Mu biyar ne kacal muke kallon tseren motoci a unguwarmu a Gummi, kuma ko mu ɗin sai ƙwallon Turai ta tafi hutu mai gidan kallo yake sakar mana talabijin. Ranar Lahadi bayan azahar za mu baje a benci, 'yan ƙwallo su leƙo su ce ga mahaukatan nan masu kallon mota tana zagaye wuri ɗaya. Mu dai ko a jikinmu. Biyu daga cikinmu su ne masu baki. Akwai mai faci na bakin tasha, wanda yake ganin tun da taya ce sana'arsa, to duk duniya ba wanda ya kai shi sanin tsere. Sai wani malamin firamare da ke fassara mana Turancin da direbobi ke yi da mutanensu ta rediyo.

Kowane direba yana da ƙungiya, injiniyoyi zaune gefen hanya gaban kwamfuta, su ke gaya masa lokacin da zai shigo gareji a canja masa taya. Akwai taya mai sulɓi ta busasshiyar hanya, mu muna ce mata tayar rani, akwai mai zane, tayar damina. Ruwa ya same ka da tayar rani, ka yi ta zamewa. Ka yi gaggawar sa tayar damina ruwa bai zo ba, ta cinye kanta cikin 'yan zagaye kaɗan.

A shekarar da nake magana, raina a ɓace yake tun kafin in hau bencin. Damina ta ƙi sauka, hadari ya taso ya watse, maƙwabta har sun fara binne, su sa iri a busasshiyar ƙasa ya kwanta ya jira ruwan farko. Ni kuwa an ɗaure mini hannu. Yayana yana aiki a Gusau, tun rasuwar Baba shi ke da magana a kan gona, ya kuma bugo waya ya ce kada a taɓa iri, wai masu hasashen yanayi sun ce ruwan farko zai yi sannan ya ɗauke. Mutumin da rabonsa da sungumi tun yana sakandare! Ni da nake wuni a gonar, da matata da 'ya'yana uku, wai sai an ba ni izini ta waya kafin in sari ƙasa.

Irin kuma ba na kasuwa ba ne, geron Inna ne. Ranar da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu can wajen Gwashi, mutane na ɗaukar katifa da akuya, ita damin zangarniya ta ɗora a kai. Gajeren gero ne mai saurin nuna, na mahaifinta, furarsa tana da ƙamshin da ban ji a wani gero ba. Kowace kaka ita da hannunta take zaɓar zangarniyar iri, ta sussuke, ta zuba a tukunya da toka, ta liƙe bakin. Ƙauyen ya watse, rumbunan an ƙone, waɗanda suka gudu tare da mu sun cinye nasu a shekarar farko. Abin da ke cikin tukunyar nan shi ke nan ya rage.

To wata ranar Lahadi direbana, wanda nake goyon baya, shi ne a gaba, ya ba na biyu rata mai kyau, saura zagaye goma sha wani abu. Sai sama ta yi baƙi a can ƙasar tasu. Malam ya ɗaga hannu ya ce mu yi shiru, direban na magana. Wai yana ganin ɗigon ruwa a gilashin hularsa, a shirya masa tayar damina. Injiniyoyinsa suka ce a'a, ya zauna kan hanya, ruwan wucewa zai yi. Ya sake cewa yana ƙaruwa fa. Suka ce ya zauna. Na biyu kuwa ya karya kan mota ya shiga gareji ya canja. Ko zagaye biyu ba a yi ba sama ta ɓalle. Direbana ya dinga rarrafe a hanya kamar akuya a kan siminti, motoci na wuce shi ɗaya bayan ɗaya, ya ƙare na bakwai.

Na miƙe na harbi benci. Mai faci ya riga ni buɗe baki.

"Wanga ba direba ba na, ɗan aike na! Sitiyari hannun wa yake? Ƙohwar gareji a buɗe take, wa yah hana shi shiga? Mutum na ganin ruwa da idonai, ya tsaya sauraren ƙattin da ko hularsu ba ta jiƙe ba!"

Malam ya ce, "Kai dai faci ka sani. Mutanen nan suna ganin hadari a kwamfuta tun bai taso ba. Sau nawa suka ce masa ya zauna ya ci tsere? Yau ɗaya sun kuskure sai ku ce a rataye su."

Na ce, "Kwamfutar banza kwamfutar wofi! Malam, wanda ke cikin ruwa shi ya san jiƙa. Suna zaune ƙarƙashin rumfa da shayinsu, shi ke riƙe da ransa a hannu, sannan su ce masa zauna? Wallahi da ni ne, sai dai su gan ni bakin gareji, in sun ga dama su sa mini taya, in ba su ga dama ba in sauka in sa da kaina."

Malam ya dube ni ya yi wani murmushi da har yau nake jin haushinsa.

"To kai mai shiga gareji da ƙarfi, me ka shuka bana? Na ga gonarka fayau. Ko har yanzu ba a bugo daga Gusau ba?"

Gidan kallo ya kece da dariya, har da 'yan ƙwallon da ke bakin ƙofa. Mai faci ya riƙe ciki yana cewa ashe muna da namu ɗan aiken a gida. Na fita ban yi wa kowa sallama ba, na nufi gida.

Washegari bayan asuba na sami Inna a tsakar gida tana jan carbi. Na gaishe ta, na ce ta ba ni iri zan yi binne.

Ta ce, "Yayanka yac ce a shuka?"

Na ce, "Shi yac ce, Inna."

Ƙaryar ta fita ba tare da na ko haɗiyi yawu ba. Ta tashi ta fasa bakin tukunya, ta tankaɗe tokar, ta juye mini a buhu. Sai ta cika wata 'yar ƙwarya daban ta miƙo mini.

"Wagga ka aje ta gehe. In buhun ya isa ka maido min ita. Ba a kai iri ƙasa dut, ɗan nan."

Ko yaro a garinmu ya san wannan. Mai binne caca yake yi da sama, dole ya bar abin sake shuka. Ni ma na sani. Na yi ta saran ƙasa ina dawowa ina jefa iri ina takewa, rana na dukana, maganar Malam na dukana fiye da ranar. Da buhun ya ƙare saura gefen gona na wajen hanya, daidai inda mai wucewa zai fara gani. Na tsaya na dubi ƙwaryar nan a gindin marke. Na ce so kake su wuce su ce ko binnen ma rabi aka ba shi izini? Na ɗauko ta na ƙarasa. Da na koma gida Inna na wurin gaisuwar rasuwa, na kife ƙwaryar a ɗakina, da ta dawo ta tambaya na ce tana nan a ajiye.

Bayan kwana uku aka yi ruwa. Ba mai yawa ba, amma ya jiƙa ƙasa, gero ya tsiro layi-layi gwanin sha'awa. Kai, na yi taƙama! Na bi ta gaban rumfar mai faci sau biyu ba tare da wani dalili ba, ya ɗaga mini hannu yana cewa direba, direba. Na buga wa Yaya waya da kaina na gaya masa na shuka, ya tsiro, ya gaishe mini da masu hasashensa. Ya ce, "Allah ya sa albarka," ya kashe.

Daga nan sama ta kulle. Mako ɗaya, mako biyu, aka shiga na uku. Kullum da safe in je in tarar tsiron ya ƙara lanƙwashewa, daga kore ya koma ruwan ƙasa, in ka murza shi a hannu ya zama gari. Maƙwabtana su ma nasu ya ƙone, amma suna cewa ba komai, in ruwa ya zauna a sake. Suna da abin sakewa. Ni sai in ce haka ne, in sunkuyar da kai.

Cikin wannan halin aka sake yin tsere, na je don in huta da tunani. Ikon Allah, sai ga hadari ya sake haɗuwa. Wani direba, ba nawa ba, ƙungiyarsa ta ce ya zauna, ya ƙi, ya kutsa gareji aka sa masa tayar damina. Ruwa ya yi ɗan yayyafi ya ɗauke. Tayarsa ta narke, ya koma can baya. Sai na ji muryar mai faci.

"Dubi sakarai! Mi yas sa bai saurari masu kwamfuta ba? Ana biyan mutane su duba mai sama, shi ya tsaya taurin kai!"

Ban san lokacin da na cafki wuyan rigarsa ba. Na ce, "Kai munafuki! Ba kai ka ce sitiyari hannun direba yake ba? Ba kai ba ne? Ku dai a gama tsere sannan ku zama masana! In ya zauna ɗan aike ne, in ya shiga sakarai ne, ku kuwa kullum kuna kan benci ba ku taɓa faɗuwa ba!" Da ƙyar Malam da mai gidan kallo suka ɓanɓare ni. Mai faci na gyara riga yana tambayar mutane me ya yi mini, shi da ke maganar Turawa. Gaskiyarsa ce kuma, shi bai aike ni gona ba. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, na rasa wanda zan kama.

Ruwan gaske ya sauka bayan kwana huɗu, tun hantsi har la'asar. Yana ɗaukewa Inna ta kira ni.

"Ɗauko min ƙwaryar nan in duba ta. Gobe sai ka sake, ko kusurwa guda ta, mu samu na baɗi."

Na shiga ɗaki na ɗauko ta, na ajiye a gabanta ba komai a ciki. Ta dubi ƙwaryar, ta dube ni. A nan ya kamata in faɗi gaskiya, Allah ya sani na so in faɗa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Buhun bai isa ba, Inna. Yaya yac ce a sa duka."

Ta ce in kira mata shi. Na latsa lambarsa, ta ce in buɗe murya don kunnenta ba ya ji sosai. Ko gaisuwarsa ba ta amsa ba.

"Kai kac ce a shuka, kuma kac ce a sa dut? Irin da niɗ ɗauko bisa kaina ana harbi bai ɓace ba, sai kai da ke zaune ohis ka ƙone min shi da waya? Ɗan'uwanka na nan cikin rana yana wahala, kai kana can kana ba da oda!"

Ina jin ƙarar fanka a ɗakinsa. Na tsaya ina jira ya tona ni, har na fi so ya tona ni.

Ya ce, "Ni nac ce, Inna. Kuskurena na. Ki gahwarce ni."

Ta miƙo mini wayar ta shige ɗaki da ƙwaryarta. Na kara a kunne. Ya ce gobe in je tasha in karɓi iri wurin direban motar farko, kada in bari danshin ya wuce. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Na shuka irin kasuwa, ya yi kyau, mun cika rumbu. Shekara ta zagayo, ta sake zagayowa. Har yau in Yaya ya zo gida ya durƙusa, Inna a taƙaice take amsa masa, tana kallon gefe. Ni kuwa ni take ajiye wa fura, ta ce in sha, ni ne mai shan rana.