Kwaɗon Yaya Cleophus

Shekara talatin da ɗaya yayana Cleophus Tarver ya yi yana gyaran injinan walda a wata masana'antar motoci a nan Detroit, irin masu dogon hannu da ke aiki su kaɗai a cikin keji. Ƙa'idar aikin ɗaya ce: ba ka shiga kejin sai ka kashe wuta, ka rataya kwaɗonka a jikin makunnin, mabuɗin na aljihunka. Yana sabon ɗauka ya ga abokin aikinsa Stosh ya shiga ba kwaɗo, wai minti ɗaya zai yi. Yaya na cikin waɗanda suka fito da gawarsa.

Mutum ne ƙato, mai cin haƙarƙarin gashi kamar ba gobe, ga taurin kai irin na gidanmu. Ciwon suga ya cinye masa ƙoda bayan ya yi ritaya, ya koma wankin ƙoda sau uku a mako. Aka gwada ni don a yi masa dashe, tawa ta dace da shi. Sai likitoci suka ce ƙibarsa ta yi yawa, in aka yi masa babbar tsaga ciwon ba zai warke ba. Hanya ɗaya ta rage, a yi dashen da na'ura mai hannu huɗu, ta 'yan ƙananan huji, likita na zaune a gefe yana sarrafa ta.

Yaya ya ce atafau. "Vernetta, in kwanta a ƙarƙashin inji da wuta a jikinsa, ni ina barci? Mabuɗin yana hannun wa?"

Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ce masa matsoraci a gaban matarsa, abin da har yau nake jin kunyarsa. Wata goma sha huɗu muna wannan ja-in-ja, jikinsa na ta lalacewa a idona.

Daga ƙarshe Likita Nassar, mace mai haƙuri, ta kai shi ya ga na'urar. Ta zaunar da shi a kujerarta, ta nuna masa cewa da zarar ta ɗaga goshinta daga wurin leƙawa, hannuwan sun tsaya cak. Ya leƙa ya ɗago ya fi sau goma, kamar mai ciniki a kasuwar tsofaffin motoci. Sannan ya ce wanda ya ƙera wannan ya san aikinsa, a sa rana.

Kafin ranar aka sake duba zuciyarsa. Bara ta ci gwajin, bana ta faɗi. Suka ce ba za ta iya ɗaukar tiyata ba, ko da na'ura ko da hannu.

A mota muna dawowa haushi ya cika ni. Shi ya fara magana.

"Ƙodar nan, kin riga kin ba ni ita, ko?"

Na ce na ba shi.

"To tawa ce ke nan. Ki kai wa wani da ke layi."

Ya rasu a watan Fabrairu. A watan Yuni ni na kwanta a ƙarƙashin hannuwan nan huɗu, aka cire ƙodar, aka dasa wa wata direbar bas daga garin Flint da ban taɓa gani ba. Ta aiko min da kati tana godiya. Na rubuta mata cewa ba ni ce mai kyautar ba, na ba ta cikakken sunansa.